Muryar da Ta Makara a Kunnen Malam Abdulhamid

Akwai wani matashi a Talata Mafara, sunansa Yasir. Ya gama digirinsa a fannin kwamfuta, ya dawo gida yana jiran kiran bautar ƙasa. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da ya tsufa, a wurinsa ya tashi daga aiki.

Kawunsa Balarabe yana da ƙaramin situdiyo a bayan kasuwa. Ɗaki ɗaya ne, an manna masa kwalayen ƙwai a bango don kada sauti ya riƙa dawowa. A nan yake ɗaukar waƙoƙin ɗaliban Islamiyya, da tallan masu magani, da sanarwar walima. Da ya ga ɗan ƙanwarsa yana zaune babu aiki, sai ya ce ya riƙa zuwa suna yi tare.

Ranar farko da Yasir ya shiga, dariya ya yi har da riƙe ciki.

Kwamfutar ta haura shekara goma sha biyu. A gefenta akwai wani ɗan akwatin sauti mai launin toka, wanda ake jona wa makirufo da hedifon, shi kuma ya kai muryar cikin kwamfuta. A goshin allon kwamfutar an liƙa takarda da rubutun biro: KADA A HAƊA DA INTANET. KADA A YI AFDET.

"Kawu, wannan ai gidan tarihi ne," in ji Yasir. "Ko a firamare yanzu ba a amfani da irin wannan."

Balarabe ya ce, "Injiniya, ta taɓa cin maka wani abu?"

"Ba ta ci ba, amma duniya ta wuce nan. Ka ba ni yini ɗaya kawai. In sa mata sabon tsari, in sa sabuwar manhajar haɗa waƙa. Wallahi ba za ka gane ta ba."

"Abin da nike gudu ke nan, in kasa gane ta. Wanga akwati da wagga kwamfuta sun saba da juna. Ka bar su."

Amma a ransa Yasir ya riga ya yanke cewa tsoro ne kawai irin na wanda bai yi boko mai zurfi ba.

To, a cikin duk ayyukan da ke kwamfutar nan akwai guda ɗaya da Balarabe yake ji da shi fiye da komai.

Malam Abdulhamid wani dattijo ne daga Tsibiri, ta ƙasar Maradun, ya ba tamanin baya. Kakansa ya rubuta wata doguwar waƙar wa'azi da ajami, baiti ɗari uku, a kan noma da zakka da haƙƙin maƙwabcin gona. Gara ta cinye takardun tun da daɗewa. Waƙar ba ta rage a ko'ina ba sai a kansa. Kullum bayan asuba yakan rera wani ɓangare shi kaɗai a zaure, don kada ta kuɓuce masa. Mutanen garin sukan ce ba su taɓa jin ya yi tuntuɓe a baiti ɗaya ba, shi ma kuma ya san da haka.

Shekara biyu ana ɗaukar waƙar kaɗan-kaɗan. Malam ba ya zuwa sai ranar Talata, a cikin motocin 'yan kasuwa, saboda hanyar ba mai biyuwa ba ce ga mutum shi kaɗai. Wani lokaci sai a yi wata biyu bai samu fitowa ba.

Ƙanensa Wakili shi ke yi masa amshi tun suna samari. Wakili ya rasu bara. Amma Balarabe yana da muryarsa a kwamfuta, don haka idan Malam ya kai ƙarshen baiti, sai a saka masa amshin a hedifon. Ya ji muryarsa, ya ji ta ɗan'uwansa, sai ya ci gaba. In babu hedifon nan, Malam ba ya buɗe baki a situdiyo.

Saura baiti arba'in a gama. An sa ranar Talata.

Ranar Lahadi da safe aka kira Balarabe daga Bakura: surukinsa ya rasu. Dole ya tafi, kuma ba zai dawo ba sai an yi sadakar bakwai. Ya yi ta neman wayar Lukman, babban ɗan Malam, don a ɗaga ranar, amma ba ta shiga.

Ya miƙa wa Yasir makulli a bakin tasha.

"In sun taho, ka ɗauka. Ka ga yadda nike yi. Kunna, buɗe aikin, danna ja, maɓallin ɗauka ke nan. In ya kai ƙarshen baiti ka sako mashi Wakili. Shi ke nan. Kada ka taɓa komi."

"Kawu, ni fa na karanta abin nan shekara huɗu."

"Na sani. Shi ya sa nike maimaita maka."

Motar Bakura ba ta gama fita gari ba Yasir ya ɓare takardar nan daga goshin allo.

A yi masa adalci, bai yi aikin ganganci ta ko'ina ba. Ya kwashe duk muryoyin ya adana a wani faifai daban. Sannan ya goge kwamfutar tas, ya ɗora mata sabon tsari, ya sa sabuwar manhajar haɗa waƙa. Ya buɗe aikin Malam, ga komai nan a jere, allon ya yi kyau kamar na manyan situdiyo. Har hoto ya ɗauka ya tura wa abokansa.

Sai ya jona akwatin sauti. Kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.

Bari in tsaya nan kaɗan, don wannan wurin shi ne zuciyar labarin, kuma abu ne da ya shafi duk mai kwamfuta. Kowace na'ura da ka jona, akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ake kira direba, ita ke yi musu tafinta tsakaninta da kwamfutar. Kamfanin da ya ƙera na'urar shi ke rubuta ta, kuma yakan rubuta ta ne don wani tsari na musamman. Idan ka canza tsarin, tsohon tafinta ba ya jin sabon yare. Idan kuma kamfanin ya daina kula da na'urar, to babu sabo, ko da za ka shekara kana nema.

Abin da ya sami Yasir ke nan. Ya sa tsohon faifan direban, ya ƙi hawa. Ya shiga intanet, ya tarar kamfanin ya daina kula da wannan akwati shekara bakwai da suka wuce. Ya so komawa tsohon tsarin, amma ya riga ya goge shi, kuma ba shi da faifansa.

Ranar Litinin da la'asar ya samo wani direba na gama-gari, irin wanda ake cewa yana aiki da kowace na'ura. Ya sa. Fitilar akwatin ta kawo. Ya ƙwanƙwasa makirufo da yatsa, sai bayan ɗan ƙiftawar ido ya ji ƙarar a kunnensa.

Ya sake ƙwanƙwasawa. Haka dai. Sautin yana zuwa, amma a makare.

Ya ɗauki waya zai kira kawunsa. Ya kalli lambar, ya tuna da "Injiniya", ya mayar da wayar aljihu. Ya ce wa kansa, ai ɗan jinkirin nan bai kai rabin daƙiƙa ba, wane tsoho ne zai lura?

Talata da hantsi Malam Abdulhamid ya iso, Lukman yana riƙe da hannunsa. Ƙura ta yi wa babbar rigarsa ja, amma fuskarsa wasai.

"Salamu alaikum. Kun kwana lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? Ina mahaihiyarka?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi, mun wuto lahiya. Ina Balarabe?"

Yasir ya faɗa masa rasuwar. Malam ya yi doguwar addu'a, suka shafa. Sannan ya ce, "To kai za ka riƙe mu yau? Madalla. An ce kai ne mai digirin. Yau dai in Allah ya so mu sauke wagga amana, in huta. Ko abincin kirki ban ci ba, don kada murya ta yi nauyi."

Lukman ya yi dariya. "Tun jiya yake hana jikoki hayaniya, wai suna ɓata mashi baitoci."

Aka zaunar da shi, aka sa masa hedifon a kan hularsa kamar yadda ya saba. Yasir ya danna ja.

Malam ya yi bisimilla, ya ɗauko baitin farko cikin waɗanda suka rage. Kalma uku ya yi, ta huɗu ta maƙale. Ya maimaita harafin farkonta sau biyu, ya ja ta, ya tsaya.

Ya yi gyaran murya. "A sake."

Aka sake. Wannan karon ya kai tsakiyar layi na biyu, sai harshensa ya harɗe kamar na mai koyon karatu. Lukman, da ke zaune a kan benci, ya ɗago kai.

Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai gane ba. Idan muryarka tana dawo maka kunne a makare, ko da ɗan kaɗan ne, ƙwaƙwalwa takan rikice. Baki yana gaba, kunne yana baya, sai mutum ya kama in'ina ko da shi ne sarkin magana. Ba tsufa ba ne, ba ciwo ba ne. Kowa haka zai yi. An ma koya wa Yasir wannan a aji.

Malam ya ɗaga hedifon daga kunne ɗaya.

"Ɗana, kamar wani na bin bakina. Na'urar lahiya take?"

Ga dama ta farko ta faɗin gaskiya.

"Lafiya ƙalau, Baba Malam. Sabon tsari ne ma na sa mata. Ta fi da kyau nesa ba kusa ba."

"To. Mu koma."

Suka koma. Sau biyar. Sau takwas. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. A karo na tara ya daure ya kai ƙarshen baitin da ƙyar, yana jan kalmomi kamar mai hawan tudu. Yasir ya sako amshi. Muryar Wakili ta fito tsaf, babu gargada ko ɗaya, muryar mutumin da ke kabari. Malam ya saurara har ta ƙare. Bai ɗauko baiti na gaba ba.

Ya juyo ya dubi Yasir sosai.

"Don Allah ka hwaɗa min gaskiya. Ba ka taɓa komi ba da zai sa haka?"

Ga dama ta biyu. Lukman yana kallonsa. Kalma ɗaya ce kawai, amma tana nufin ya ce a gaban mutanen ƙauye cewa mai digiri ya ɓata aiki.

"Baba Malam, ga shi kana gani, komai yana tafiya. Wataƙila gajiyar hanya ce. Ko kuma dai... ka san shekaru."



Malam ya cire hedifon da hannu biyu, ya ɗora a kan tebur a hankali.

"Haka ne," ya ce. "Haka mahaihina ya hwara. Da in'ina, sannan mantuwa. Na ɗauka ni za a ɗaga min ƙahwa har in gama. Lukman, tashi mu tahi."

"Baba, ka huta, ka sha ruwa, a sake gwadawa."

"A sake mi? In bar wa jikoki muryar tsoho yana kame-kame a bayan ta Wakili? Ɗana, wanda munka yi yau ka goge shi. Kada kowa shi ji."

A bakin ƙofa Malam ya sa gefen babbar rigarsa ya share ido. Har ya ba Yasir haƙuri, wai ya ɓata masa lokaci.

Yasir ya amsa da "Ba komai, Baba."

Da Balarabe ya dawo daga Bakura, Yasir ya tare shi da labarin cewa Malam ba ya jin daɗi, murya ta ƙi. Idon Balarabe yana kan allon da bai gane ba, da tabon gam inda takardarsa take a da. Ya zauna, ya sa hedifon, ya jawo makirufo.

"Salamu alaikum, gwaji ɗaya, gwa... gwaji bi... bi..."

Ya cire, ya juyo ya dubi Yasir.

"Da wannan ka sa shi ya rera?"

"Kawu, jinkirin kaɗan ne..."

"Ya tambaye ka?"

Yasir ya kau da kai.

"Yasir, nac ce ya tambaye ka?"

"Ya tambaya."

"Kac ce mi?"

"Na ce... shekaru ne."

Balarabe ya miƙa yatsa ya nuna wani ɗan maɓalli a allon. "Ka ga wanga? Ko a sabuwar taka akwai shi. Da ka danna shi, da ka kashe mashi muryarshi a kunne, ka bar mashi Wakili kaɗai, da kun lallaɓa kun gama. Da ka kira ni, ko a gaban gawa nike, da na hwaɗa maka. Kwamfutar da ka ɓata ba ta dame ni ba, ana gyarawa. Mutum ka ɓata."

Ba su ɓata lokaci ba. Wani mai gyara a kasuwa ya tono musu faifan tsohon tsarin, cikin kwana uku kwamfutar ta koma yadda take, akwatin ya dawo aiki sumul. Amma wayar Lukman ba ta shiga, domin babu sabis a wajensu. Talata ta zo, motocin Tsibiri ba su fito ba. Wata Talatar ma haka. Balarabe ya ba da saƙo ta hannun wani mai sayar da albasa, saƙon bai isa ba.

Sai bayan mako bakwai hanya ta buɗe. Suka shiga motar farko, su biyu.

Lukman ya tare su a ƙofar gida. Bayan doguwar gaisuwa ya rage murya ya ce, "Tun randa munka dawo bai sake rerawa ba. Zauren ma ya daina hita bayan asuba. An zo shi buɗe taron saukar karatu, ya ce a nemi wani, shi harshenai ya riga shi mutuwa."

Suka sami Malam a tsakar gida, a kan buzu, ya rame. Yasir ya durƙusa. Wannan karon bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi komai: takardar da ya ɓare, direban da ya ƙi hawa, ƙwanƙwasa makirufon da ya yi tun ranar Litinin. Balarabe ya ƙara da cewa shi ma da ya sa hedifon ɗin sai da ya yi in'ina.

Malam ya saurara har ƙarshe.

"Wato ka sani tun kahin in zo."

"Na sani, Baba."

"Na'ura ta lalace, wannan ba komi ba ne. Ni ma na sha karya garma. Amma sau biyu nit tambaye ka. Kana kallona ina kuka a bakin ƙohwa, har na ba ka haƙuri, ka karɓa."



Balarabe ya ce, "Allah shi gafarta Malam, komi ya koma daidai. Duk Talatar da kac ce, ni da kaina zan zo in ɗauke ka."

"Bari mu gani tukuna."

Malam ya gyara zama, ya rufe ido, ya yi bisimilla. Babu makirufo, babu hedifon, daga shi sai kaji suna tono a gefe. Muryar ta fito garau. Baiti ɗaya, biyu, uku. Lukman ya fara murmushi.

A na huɗu ya tsaya. Ba in'ina ba ce wannan karon. Leɓɓansa suna motsi, amma babu abin da ke fitowa. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya tsallake, ya kamo wani baiti can gaba, ya yi rabinsa, shi ma ya yanke.

Ya buɗe ido.

"Ƙarshen nan dama shi ne ban cika rera wa mutane ba, sai ni kaɗai da asuba. A shekaruna, abin da ka bari kwana hamsin ba ya jiranka." Ya dubi Yasir, babu faɗa a muryarsa. "Ran nan ƙarya ka yi min. Yau ta zama gaskiya."

Balarabe ya yi ta zuwa da ƙaramin rikoda har ƙarshen damina. Cikin baiti arba'in, goma sha ɗaya suka dawo. Sauran babu wanda ya san su a duniya.

Malam ya ce ya yafe, kuma ya faɗa a gaban shaidu. Amma a hanyar komawa Mafara, a cikin mota, Balarabe ya miƙa hannu ba tare da ya juyo ba. Yasir ya zaro makullin situdiyo ya sa masa.

Darasi: Ni ma ɗan zamani ne, ina son sabon abu kamar kowa. Amma kafin ka sabunta kwamfutar da ake aiki da ita, ka fara bincika ko na'urorinka suna da direban da zai hau sabon tsarin, ka adana tsohon yadda za ka iya komawa, kada kuma ka yi gwaji ana gobe babban aiki. Idan wanda ya riga ka ya ce kada a taɓa, tambaye shi dalili kafin ka yi masa dariya. Mafi girma duka, in ka yi kuskure ka faɗa tun da zafinsa. Kada ka bar wani ya zargi kansa a kan laifin da ka san naka ne, domin gaskiyar da ta zo a makare ba kullum take samun abin gyarawa ba. Ku tura wa masu situdiyo, da masu gyaran kwamfuta, da duk wani sabon mai digiri da kuka sani, ni ma da an turo min, da na so.